Tsarkiya Ɗaya Ta Ishi Ɗanmaraya

Wanda ya tashi a arewacin Zamfara, kunnensa da kiɗan taro ya saba. A nan idan aka ce makaɗi ya iso, ayari ne ya iso: jagora a tsakiya, 'yan amshi dama da hagu, masu kotso ko kalangu sun jeru, ga sanƙira yana kai da komo yana ƙara wa magana gishiri. Haka Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ya riƙa zuwa gaban Sarkin Gobir na Isa Amadu. Haka Musa Ɗanƙwairo Maradun ya yi zamaninsa, haka Sa'idu Faru ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo. Kassu Zurmi ma, da ya rungumi 'yan tauri da mafarauta, da kalangai da mutanensa yake fita.

Tsarin yana da hikimarsa. Jagora ya ɗauko magana ya kai ta rabi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su koma kan gindin waƙa su maimaita. Kafin su sauke, shi ya yi numfashi, ya kuma ƙulla ɗan waƙar da zai biyo baya a zuciyarsa. Masu kiɗa suna riƙe da tafiyar, ba ruwansa da ita. An raba nauyin, kowa ya ɗauki nasa.

Shi ya sa nake ganin mu mutanen wannan yanki mun fi kowa dalilin yin mamakin Ɗanmaraya Jos. Muryarsa ta daɗe tana tashi a teburin mai shayi da rumfunan masu kaset a Kasuwar Daji da Ƙaura Namoda da Shinkafi, har sabo ya hana mu tambayar yadda abin yake yiwuwa. Mutum ɗaya tilo, da ɗan abin kiɗa da ƙyar ya kai kamu guda, tsarkiya ɗaya tak, ba ɗan amshi, ba mai ganga, ba sanƙira, amma ya yi waƙa daga farko har ƙarshe mai sauraro bai ji akwai gurbin da aka bari ba.

Sunansa na yanka Adamu, ana ce masa Adamu Wayya. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, zamanin da haƙar kuza ta tara Hausawa da ƙabilu iri-iri a kan tsaunukan Filato. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne. Iyayensa suka rasu tun yana ƙarami, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan laƙabin Ɗanmaraya ya bi shi. Yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, ya ga makaɗan can, abin ya shiga ransa, ya haɗa kuntiginsa da hannunsa. Ba shi ya ƙago kuntigi ba. Ya same shi ne a matsayin ɗan abin kiɗan da ba mai jera shi da kotso ko tambari ko algaita, ya bar shi kuwa duk wanda ya ji sunan kuntigi sai fuskar mutum ɗaya ta faɗo masa.

Haɗa shi ba wani asiri. Gwangwanin kifi ne irin mai siffar ƙwai, a cire murfin, a lulluɓe bakin da fatar akuya a ja ta ta ɗame. A soka siririyar sanda ta bi ƙarƙashin fatar ta fito waje ta zama wuya. A ɗaura tsarkiya daga ƙarshen sandar zuwa gindi, a ɗora ta a kan ɗan jaki don kada ta kwanta a kan fata. Shi ke nan, an gama. Garaya tana da tsarkiya biyu, molo uku, jita shida. Kuntigi ɗaya gare shi, kuma duk abin da za a faɗa a kanta za a faɗe shi.

Wahalar tana farawa daga ƙanƙantar cikin. Gwangwani ba ya riƙe sauti. Ka taɓa tsarkiyar, ta yi ƙara siririya mai kaifi, kafin ka ƙifta ido ta mutu. Mai goge ko kukuma yana jan izga a kan izga, ya miƙe sauti ɗaya iya son ransa. Mai kalangu yana matse hammata ya lanƙwasa murya bayan ya riga ya buga. Mai kuntigi ba shi da ko ɗaya. Ga kuma fata da halinta: da damina ta sha laima ta saki, sai an gasa ta a rana ko a gefen wuta, da hunturu ta bushe ta ɗaure har sautin ya haura. Kullum sai makaɗi ya sake daidaita tsarkiyar da maƙogwaronsa, kuma ba shi da ma'aunin da ya wuce kunnensa.

Maganin gajartar sautin yana hannun dama. Tunda kowane bugu mutuwa yake nan take, hannun ba ya tsayawa. Ɗanmaraya yana jero bugu a kan bugu da sauri har kunne ya daina rarrabe su, ya ji su kamar zare ɗaya miƙaƙƙe. A cikin wannan jerin kuma ba duka bugun ne ƙarfinsu ɗaya ba. Yana danna wasu, yana shafa wasu, kuma a inda yake dannawar nan ne gangar take ɓoye. Mutum zai tsinci kansa yana kaɗa ƙafa alhali babu ganga ko ɗaya a faifan. Wannan hannu shi ya tsaya a madadin masu kotso. Mai son ya san nauyin aikin ya gwada: ya riƙa ƙwanƙwasa benci da kiɗa ɗaya mai sauri, a lokaci guda yana ba abokinsa labarin yadda farashin gero ya kwana, ya ga ko hannun ko bakin wanne zai fara tuntuɓe.

Hannun hagu aikinsa ya fi ɓoyuwa. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa a gicciye waɗanda suka yanka wa yatsa inda zai sauka. Wuyan kuntigi sanda ce sumul. Yatsa ya goce kaɗan, sautin ya yi tsami, kuma babu wata tsarkiya ta biyu da za ta rufa masa asiri. Muryoyin da yatsu ke iya kaiwa ba tare da hannun ya yi ta yawo ba kaɗan ne, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Da waɗannan 'yan muryoyi yake gina wa kowace waƙa gajeren kiɗanta na kanta, wanda da an ji shi a rediyo, kafin ya buɗe baki, an san wace waƙa ce ke tafe.

Wannan gajeren kiɗa shi ne gindin waƙarsa, kuma a nan gwanintar take. Idan ya yi shiru, kuntigi ya maimaita gindin sau ɗaya ko sau biyu ko fiye, ya ba shi sararin da 'yan amshi ke ba Ɗanƙwairo: ya numfasa, ya shirya magana ta gaba. Da ya ɗauko waƙa kuwa, sai yatsun su saki gindin su bi muryar, ta hau su hau, ta sauka su sauka, suna yi mata rakiya. Yana kai ƙarshen magana, sun koma kan gindin daidai inda ya kamata su same shi da ba su taɓa barinsa ba. Murya da tsarkiya suna yi ne kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: taɓarya ta tashi, taɓarya ta sauka, ba a karo, kuma turmin bai taɓa zama ba kowa ba. Sai dai su matan biyu ne, kowace da kanta. Shi kai ɗaya ke lura da duka biyun.

Akwai wani sharaɗi da harshen kansa ya ɗora masa. Hausa tana da karin sauti: kowace gaɓa ko ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama, kuma ko doguwa ce ko gajera. Wannan ne ya sa kalangu ke iya kiran taken mutum, ɗan tauri a Zurmi ya zabura ya zare wuƙa ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Tsarkiyar da ke bin muryar Bahaushe ita ma magana take yi. Idan ta sauka a inda kalma ta hau, kunnen Bahaushe zai ƙi ta ko da bai iya faɗin dalili ba. Saboda haka Ɗanmaraya ba shi da 'yancin ya zaɓi karin da ya ga dama ya cusa kalmomi a ciki. Dole maganar ta yi ma'ana, ta shiga awon kiɗan, hawa da saukarta su dace da 'yan muryoyin da sandar ke bayarwa, kuma duk wannan cikin sauri. Tare da haka kalmominsa fes suke fita. Tsoho mai nauyin ji da yaron da bai daɗe da koyon Hausa ba duk suna tsintar abin da ya ce.

Makaɗan jaz na Amurka sun san irin wannan labari a kan jitarsu. A shekarun 1920, banjo ne, daga baya jita, ke zaune a bayan ƙungiya suna riƙe tafiyar kiɗa kawai, domin ƙarar kayan busa ta danne su. Sai ga Charlie Christian, wanda aka haifa a Texas a 1916 ya girma a Oklahoma. Ya rungumi jita mai lantarki tun tana sabuwa, a 1939 ya shiga ƙungiyar Benny Goodman, ya riƙa fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya a jere kamar mai busa, maimakon ya riƙa share tsarkiyoyi shida gaba ɗaya. Idan dare ya yi ya tafi gidan rawa na Minton's a unguwar Harlem, inda samarin makaɗa ke ƙera salon da aka sa wa suna bibop. Tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25. Bai cika shekara uku a idon duniya ba, amma daga kansa jita ta baro baya ta dawo gaba. A Turai kuma ga Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, ya sake koyon jita da sauran biyun, a 1934 ya kafa ƙungiya a Paris tare da mai goge Stéphane Grappelli, ya zama abin koyi ga masu yatsu cikakku.

Ba cewa nake ɗaya ya koya a wurin ɗaya ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, abin da ya ɗaga sunan Christian, wato jera sauti ɗaya-ɗaya su zama magana, shi ne abin da kuntigi ba shi da zaɓi sai shi. Kuma ginshiƙin jaz, a kafa kiɗa mai zagayowa, a bar shi a yi yawo, a dawo a same shi a kan lokaci, shi ne abin da yatsun Ɗanmaraya ke yi a kowane ɗan waƙa. Bambancin kawai, Christian yana da mai ganga da mai fiyano a bayansa suna tsare masa hanya har ya dawo. Akwai ma dangantaka ta jini, in za a bi salsala: masu bincike sun nuna banjo ya samo asali ne daga kayan kiɗa na ƙwarya da fata da sanda waɗanda bayi suka tafi da iliminsu daga Afirka ta Yamma, dangin su gurmi da molo.

Abu na biyu da ya haɗa su shi ne lantarki. Ba don na'urar ƙara sauti ba, da ba a ji Christian a tsakiyar masu busa ba. Kuntigi ma a filin hawan salla, tsakanin tambura da haniniyar dawaki, ko wanda ke kusa da shi ba zai ji shi ba. Makirufo ne ya daidaita su. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daidai lokacin da Ɗanmaraya ke tasowa, kuma a cikin akwatin rediyo gwangwanin kifi da tambarin sarki ƙararsu ɗaya. Faifan garmaho da kaset suka ƙarasa aikin. Ya zo a kan gaɓa, ya kuma gane ya zo a kan gaɓa.

Daga nan sai gwanintar hannu ta haifi wani abu da ya fi ta girma. Mai ƙungiya yana da baki goma da zai ciyar, da iyalansu, da kuɗin mota, da riguna. Dole ya jingina da wanda zai iya kyautar doki ko kujerar Makka, kuma wanda ya ba ka doki shi za ka yi wa waƙa. Ba aibi ba ne, haka sana'ar take, kuma daga cikinta aka sami waƙoƙin da har gobe ake nazarinsu a jami'o'i. Ɗanmaraya kuwa ƙungiyarsa tana shiga aljihun babbar riga. Ya hau mota shi kaɗai, ya sauka shi kaɗai, abin da aka ba shi ba mai raba shi da shi. Wanda nauyinsa bai wuce haka ba yana iya waiwayawa ya dubi wanda ba shi da abin bayarwa.

Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Daji ranar kasuwa ya san wannan bawan Allah. Shi ne a saman bodi yana karɓar buhunan gero da dawa da wake, shi ne mai ɗaure tamfol, shi ne mai dirowa da gudu ya sa weji idan mota ta tsaya a hawa, shi ne mai neman ruwan lagireto, shi ne mai kwana a ƙarƙashin mota yana gadi direba yana cikin gari. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya mai da garin maƙurar layin dogo, yankin nan ya zama wurin lodi, kuma da manyan motoci suka karɓe aikin daga hannun jirgi, a kan wuyan irin waɗannan yara kayan suka koma. Mai kotso ba zai yi musu waƙa ba, don ba su da fada. Ɗanmaraya ya yi musu, ya kuma yi ta da sanin aikin, irin sanin wanda ya zauna a tasha ya ga yadda ake yi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun kasa makaɗan Hausa gida-gida, na fada da na sana'a da na maza da na jama'a. Ɗanmaraya na jama'a ne, amma ya faɗaɗa ma'anar jama'ar har ta haɗa da wanda ke rataye a bayan mota.

Bai ƙi yabon manya ba, maroƙi ne kamar kowane maroƙi. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi masu yawa. Amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne waƙoƙin zaman duniya: ta mai akwai da mai babu, ta auren dole, ta jawabin aure, ta gulma. A irin waɗannan ne wata gwanintar ta uku ke fitowa. Tunda ba shi da abokin amsawa, sai ya zama kowa da kowa. Ya yi maganar miji, ya juya ya yi ta mata, ya shigo da tsohuwa mai kai gulma gida-gida, kowanne da irin lafazinsa, kuntigi kuma yana shiga tsakani yana raba su, yadda mai sauraro ba zai rikice da wa ke magana ba. Wasan kwaikwayo ne cikakke a bakin mutum ɗaya, tun kafin finafinan Hausa su yaɗu.

Na sha jin mutanenmu suna cewa Hausarsa ba ta kai ta Narambaɗa zurfi ba. Gaskiya ne, kuma ba na jin ya taɓa neman ta kai. Narambaɗa yana waƙa ne a gaban fadawa da 'ya'yan sarki waɗanda suka san tarihin kowane gida, habaici ɗaya ya ishe su su kwana suna warwara. Ɗanmaraya ɗan Jos ne, garin da Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe ke cin kasuwa ɗaya da Hausa ɗaya. Ya zaɓi Hausar da kowa zai ɗauka a ji ɗaya. Inda zan yarda da masu suka shi ne, a wasu waƙoƙin nasiha maganar takan miƙe ta zama jawabi zalla, ba lanƙwasa ba ɓoyo. Amma ko a nan, ka toshe kunne ɗaya daga kalmomin ka bi tsarkiyar, za ka tarar hannun bai yi sanyi ba.

Ya kai kuntigi ƙasashen waje, gwamnatin tarayya ta ba shi lambobin girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, kuma tun a 1981 Habibu Ahmed Daba ya buga nazari a kansa a wata mujallar adabi ta Amurka. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Sai dai abin da ya 'yantar da shi, shi ya hana shi magada. Ƙungiya makaranta ce. Ɗanƙwairo ya yi amshi a bayan mahaifinsa da wansa Kurna kafin ya zama jagora, da ya rasu a 1991 kuma 'ya'yansa da suka yi shekaru a bayansa suka ɗora daga inda ya tsaya. Mai kuntigi ba shi da na baya. Ba wanda ya tsaya kusa da shi dare da rana yana satar yadda yatsa ke sauka. Ga shi kuma tun daga shekarun 1990 waƙar Hausa ta koma ɗakin ɗaukar sauti, inda fiyano ke fitar da ganga da algaita da goge da danna maɓalli, yaro ba ya bukatar ya ɓata shekaru a kan sanda da waya. Ana samun masu kaɗa kuntigi har yanzu, amma yawancinsu kwaikwayon muryarsa suke, hannun kuwa sai a hankali.

A hayin iyaka ne tsarkiya ta sami masu riƙe ta da gaske. Malam Maman Barka na Nijar, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da gurmi mai tsarkiya biyu kafin ya je bakin tafkin Chadi ya koyi biram a wurin tsohon da ya rage da saninsa. Su Abdallah Oumbadougou da Bombino suka mai da jita muryar Agadas. Mdou Moctar, wanda yanzu ake cika manyan zaurukan Amurka da Turai don a ga yatsunsa, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon situdiyon Hausa na lokacin, kuma ta katin memori na waya waƙoƙin suka bi kasuwanni daga hannu zuwa hannu har suka tsallaka hamada.